Idan an haɗiye abin da ba abinci ba: abin yi a gida da abin da za a tarar a asibiti

Shekara 19 na yi ina aikin jinya a wani babban asibiti a Kano, mafi yawansu tsakanin ɗakin gaggawa da tiyatar kunne, hanci da maƙogwaro. Babu irin abin da ban miƙa wa likita tasa ya jefa a ciki ba bayan ya zaro shi daga cikin mutum: kwandala, ɗan kunne, fil ɗin mayafi, ƙusa, ƙayar kifi, haƙorin roba, murfin biro, ƙwayar carbi. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai wani yaro ne ɗan shekara 2 da aka kawo bayan sallar isha'i, goye a bayan uwarsa, gaban rigarsa sharkaf da miyau. Kwana 2 ke nan ya ƙi abinci. In an ba shi koko sai ya kurɓa ya dawo da shi. An kai shi kemis an ce ciwon maƙogwaro ne, aka ba su maganin ruwa.

Na ce, "Maman yaro, babu abin da kika ga ya sa a baki?" Ta ce, "Wallahi Sista ban gani ba." Yayarsa ce, 'yar shekara 6, tana raɓe a jikin ƙofa, ta ce ta gan shi shekaranjiya yana wasa da na'urar gwajin sukarin kakarsu, murfin bayanta a buɗe. Hoton ƙirji ya nuna wani abu zagayayye tsaye a ƙasan wuya, bakinsa da zobe biyu, ɗaya cikin ɗaya. A daren aka shiga da shi tiyata. Batir ɗin ya fito baƙi ƙirin, wurin da ya zauna kuwa ya ƙone kamar naman da aka manta a kan garwashi. Yaron ya rayu, alhamdu lillahi, amma ya yi makonni ana ba shi abinci ta robar hanci, sannan ya yi watanni ana dawo da shi ana buɗa masa hanyar abinci saboda tabon ya tsuke ta. Uwar ba sakaci ta yi ba. Ba ta san abin da za ta lura da shi ba ne, kuma wanda ya ba ta magani bai tambaye ta ba.

Kada wannan ya tayar muku da hankali fiye da kima. Cikin abu 10 da ake haɗiyewa, 8 ko 9 kan bi hanyarsu su fita ta bayan gida ba tare da an taɓa mutum ba. Ɗaya ko biyu ne ake sa na'ura a ciro, wanda kuma sai an tsaga ciki bai fi 1 cikin 100 ba. Aikin mutanen gida shi ne su gane wane ne zai iya jira, wane ne kuma ba zai jira ko gari ya waye ba.

Da farko, yana numfashi?

A wuyan mutum hanya biyu ce a jere, ta iska a gaba, ta abinci a bayanta. Kafin komai a gane wadda abin ya bi. Idan yaro yana tari da ƙarfi, yana kuka da murya, to iska na shiga. A bar shi ya yi tarinsa, kada a cusa masa yatsa ana lalube, don yatsa ƙara tura abin yake yi. Idan kuwa ya buɗe baki babu sauti, ya riƙe wuya, leɓensa ya fara sauya launi, shaƙewa ce, babu lokacin neman mota. A sunkuyar da shi gaba, a buga masa tafin hannu da ƙarfi tsakanin kafaɗu sau 5. In bai fito ba, a koma bayansa, a dunƙule hannu a ɗora sama da cibiya kaɗan, a dafe da ɗaya hannun, a fizgo ciki da sama sau 5, a yi ta sauyawa tsakanin biyun. Jaririn da bai cika shekara ba, ba a matsa masa ciki. Kifa shi ake yi a kan hannu, kansa ya fi jikinsa yin ƙasa, a bubbugi bayansa sau 5, a juyo shi a danna tsakiyar ƙirjinsa sau 5. Wanda kuma ya ƙware da gyaɗa ko masara, ya yi tari mai tsanani sannan ya lafa, kada a ce ya wuce. Sau da yawa ƙwayar ta sauka huhu ce ta kwanta, sai bayan mako ta dawo da zazzaɓi da tarin da ba ya jin magani.

In numfashi lafiya lau ne, to abin ya bi hanyar abinci. Yanzu sai tambayoyi uku, kuma su ne dai za mu yi muku a asibiti: mene ne ya haɗiye, yaushe, kuma me yake yi tun daga lokacin. A tambayi yaran gida cikin lallami. Na sha ganin an daka wa yaro tsawa ko an ɗaga masa bulala, shi da yayyensa duk suka rufe baki, alhali su kaɗai suka ga abin da ya faru. In akwai ɗan'uwan abin a gida, ɗayan ɗan kunnen, ko wani batir irinsa, ko na'urar da aka ciro shi daga ciki, a sa a jaka a taho da shi. Likita ya riƙe abu a hannu ya auna faɗinsa ya fi masa bayani goma.

Hanyar abinci ta babban mutum tsawonta kamar santimita 25 ne, kuma tana da matsatsi uku: a bakinta daidai ƙasan maƙogwaro, a tsakiyar ƙirji inda babbar jijiyar jini ta gitta ta, da kuma mashigar tumbi. A yara, na farkon ne ya fi riƙe abu. Idan abu ya tsaya a nan, za a ga dalalar miyau, ƙin abinci, amai ko yunƙurinsa, da ciwo a wuya ko ƙirji. Ƙaramin yaro har numfashinsa kan yi ƙara, saboda abin yana danne hanyar iska ta baya, shi ya sa wasu ke ɗauka asma ce. Idan abu ya faɗa tumbi, an wuce mafi yawan haɗarin, ko da yake akwai sauran wuraren da kan tare shi: mafitar tumbi, lanƙwasar farkon hanji, da mahaɗar ƙaramin hanji da babba. Abin da faɗinsa ya haura santimita 2 da rabi da wuya ya fita daga tumbin babba, haka wanda tsawonsa ya haura santimita 6, kamar buroshin haƙori ko cokali, ba ya iya shan kwanar hanji. A yaro kuwa abin da bai kai haka ba ma yakan tsaya.

Waɗanda ba a kwana da su

Na farko batir, kuma a kansa zan fi daɗewa. Ina nufin ɗan fefen batir ɗin nan mai kama da kwandala, wanda ake samu a makullin mota, agogo, ƙaramin rimot, ma'aunin nauyi, na'urar gwajin sukari da kayan wasan yara masu walƙiya. Mafi muni shi ne mai faɗin milimita 20, wanda aka rubuta wa CR2032 ko CR2025, domin faɗinsa daidai yake da inda zai maƙale a wuyan yaro. Mutane suna ɗauka sai ya fashe ruwansa ya zuba sannan yake illa. Ba haka ba ne. Da zarar ya zauna a jiƙaƙƙen nama, wutarsa ke zagayawa ta cikin miyau, ta haifar da sinadari irin sodar da mata ke haɗa sabulu da ita. Duk wadda ta taɓa yin sabulu soda ta ɗiga mata a hannu ta san abin da nake faɗa. Cikin awa 2 ƙuna mai tsanani ta kama. Batir ɗin da ya mutu, wanda ba ya iya kunna rimot, yana da sauran wutar da za ta yi wannan ɓarnar. Wani likitanmu ya taɓa sa irinsa tsakanin yanka biyu na ɗanyen nama ya ajiye a kan tebur. Kafin mu gama zagayen marasa lafiya, wurin ya yi baƙi yana kumfa. Maƙwabtan hanyar abinci kuwa su ne hanyar iska da babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya. In ƙunar ta ratsa zuwa jijiyar nan, jinin da zai ɓalle da wuya a iya tare shi.

Saboda haka ko zato kawai ake yi, ko yaron yana wasansa garau, a kama hanyar asibiti nan take. Akwai abu ɗaya da aka yarda a ba shi a hanya, shi ne zuma. Tun 2018 cibiyar kula da cin guba da ke Washinton a Amurka ta sa wannan cikin ƙa'idojinta, saboda zuma tana lulluɓe batir ta rage saurin ƙunar. Sharuɗɗan su ne: yaron ya cika shekara 1, yana iya haɗiya, kuma ba a wuce awa 12 da haɗiyar ba. Cokalin shayi 2 ake ba shi, wato mililita 10, duk bayan minti 10, har sau 6. A cikin mota ko a kan babur ake yi, ba a zaune a gida ana jiran a ga abin da zuma za ta yi ba, don ba ta fitar da batir. In babu zuma a gida, kada a tsaya aika yaro kasuwa. Jaririn da bai cika shekara ba kuwa ba a ba shi zuma sam, da batir ko babu, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jarirai.

Na biyu mayen ƙarfe. Guda ɗaya yakan wuce. Amma biyu, ko ɗaya tare da wani ƙarfe, in suka rabu a cikin hanji sai su janyo juna ta jikin bango, su matse naman da ke tsakaninsu har ya mutu ya huje. Yaro kan ce ɗaya ya haɗiye alhali uku ne, kuma a hoto in sun manne da juna sukan fito kamar ɗaya. Don haka duk mayen ƙarfe asibiti za a kai.

Na uku abu mai tsini ko kaifi: allura, fil, ƙusa, reza, tsinken sakace, ƙayar kifi, tsagin ƙashin kaza. 'Yan'uwana mata, mu ne a gaba wajen fil. Ana ɗaurin ɗankwali ko gyaran mayafi a gaban madubi, fil biyu a tsakanin leɓɓa, wata ta yi magana a yi dariya, shi ke nan ya wuce. Wani lokaci ma ba tumbi yake zuwa ba, huhu yake faɗawa. Tela da allura a baki, kafinta da ƙusa, duk hali ɗaya ne.

Na huɗu toshewa gaba ɗaya, inda mutum ko miyaunsa ba ya iya haɗiyewa, yana zaune da kofi yana tofarwa. Wannan ya fi samun manya, kuma yawanci nama ne. A kwanakin Babbar Sallah mukan zauna cikin shiri: dattijo mara turame ya haɗiyi soyayyen nama ko ganda bai tauna ba, ya tsaya masa a ƙirji. Haɗarin shi ne miyaun da ya taru ya kwarara huhu.

Sai haƙorin roba, wanda ba na so a manta da shi. Wanda ya saki ba ya kama dasashi sosai, mutum ya kwana da shi ko ya kora magani da ruwa, sai ya bi. Robar ba ta fitowa a hoto, sai dai wayar da ke jikinta in tana da ita, kuma wayar nan kan soke bango ta riƙe. Yana cikin abubuwan da suka fi ba likitoci wahalar cirewa, har wani lokaci sai an tsaga ta gefen wuya.

Ko mene ne aka haɗiye, in aka ga zazzaɓi, kumburin wuya, fatar wuya tana ƙaras-ƙaras in an taɓa kamar ana murza leda, ciwon ƙirji mai tsanani, ciki ya ƙame ba ya taɓuwa, amai da jini ko baƙin kashi, alama ce an sami huda ko zubar jini a ciki.

Dabarun gida da nake roƙo a bari

A garinmu in ƙayar kifi ta maƙale, abu na farko a murza lomar tuwo babba a ce haɗiye kada ka tauna, in babu tuwo a kawo ayaba. In ta ƙi, a tafi wurin masunta a yi tofi. Na san abin da ya sa mutane suka yarda da wannan: sau da yawa ƙayar ta riga ta wuce, karcewar da ta bari ce ke sukar mutum, bayan kwana ɗaya ko biyu ta warke, sai a ce loma ce ta yi aiki. Amma in ƙayar tana nan a soke, loma ƙara nutsar da ita take yi. Ƙayar da muke iya gani da fitila mu cire da hantsaki cikin minti 2 sai ta koma wadda za a shiga tiyata dominta. Addu'a kam a yi ta, amma a yi ta ana tafiya.

Kada a ɗura manja ko ruwan gishiri don a sa amai. Abin da ya sauka lafiya yana iya karce hanya in ya juyo, ko ya faɗa hanyar iska. Kada a ba da maganin wankin ciki don a gaggauta fitarsa. Masu cewa a sha ruwan ɗanyar gwanda tunda tana narkar da nama a tukunya, gaskiya ne tana narkarwa, sai dai ba ta bambanta naman sa da naman jikin mutum. Likitoci a da sun gwada sinadarinta suka bari saboda ya huda wa mutane hanyar abinci. Lemon Coca-Cola ma an gwada shi a asibitocin ƙasar Holan, sakamakon ya fito a 2023, aka ga waɗanda suka sha da waɗanda ba su sha ba duk ɗaya ne. Ban da zumar da na ambata, kada a ba da abinci ko abin sha har likita ya gani, domin in za a yi allurar barci, tumbi a cike haɗari ne.

A asibiti

Tun daga bakin ƙofa a faɗi sunan abin. Kada a ce "yaro ne ba ya cin abinci", a ce "muna zaton batir ya haɗiye da ƙarfe huɗu". Wannan maganar ce ke fitar da ku daga layi. In ƙaramin asibiti ne, a tambaya kai tsaye ko suna ɗaukar hoto kuma suna da na'urar cirewa. In babu, a karɓi takardar turawa a wuce, kada a kwanta ana ƙarin ruwa har safe. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Sakkwato da na Maiduguri, da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, duk suna da likitocin maƙogwaro. Mutanen Nijar su nufi manyan asibitocin Yamai, Damagaram ko Maraɗi. Su ma ya kamata su fi mu lura da tsabar kuɗi, tunda dala biyar da dala goma da dala ashirin suna yawo a hannun yara kullum, mu kuwa kwandala ta kusa ɓacewa daga kasuwa, sai wadda ta rage a gwangwanin tsofaffi.

Likita zai fara haska maƙogwaro ya danne harshe. Ƙayar kifi galibi a nan kusa take, a jikin tsokar nan biyu ta gefen maƙogwaro ko a gindin harshe. In ba a gani ba sai hoto, kuma hoto biyu ake so, na gaba da na gefe, a yaro tun daga wuya har mara. Na gefen ne ke nuna ko abu ɗaya ne ko biyu a manne, kuma shi ke taimakawa a raba kwandala da batir: batir yana da zobe biyu ta gaba, ta gefe kuma yana da ɗan tudu kamar matakala, kwandala kuwa sumul take. Amma ku riƙe wannan: hoto ya fito babu komai ba ya nufin babu komai. Roba, itace, siririn alminiyum, yawancin ƙayoyin kifi da lomar nama ba sa fitowa. In mutum yana da alamu, likita zai nemi siti sikan, wato hoton kwamfuta da ke nuna cikin jiki yanki-yanki, ko ya leƙa da na'ura kai tsaye. Farin ruwan nan da ake sha kafin hoto ba a cika ba da shi a nan ba, don yana rufe wa mai leƙawa gani, kuma wanda hanyarsa ta toshe yana iya shaƙarsa.

Lokacin cirewa ya danganta da abin da kuma inda yake. Batir ko abu mai tsini a hanyar abinci, da toshewa gaba ɗaya, so ake a cire cikin awa 2, kada ya haura 6. Kwandala a hanyar abincin yaron da ba ya nuna wata damuwa, likita na iya kwantar da shi ya sake hoto bayan wasu awoyi, domin wasu kan faɗa tumbi da kansu. Amma ba a barin komai a hanyar abinci ya wuce awa 24. Abu mai tsini ko mayen ƙarfe da ke tumbi ana so a riske shi kafin ya shige hanji. Batir da ya riga ya isa tumbi haɗarinsa ya ragu, sai dai a ƙaramin yaro da babban batir akan leƙa a ciro shi ko a sake hoto cikin kwana 2.

Na'urar iri biyu ce. Akwai miƙaƙƙen bututun ƙarfe mai fitila da likitocin maƙogwaro ke sawa ta baki, wanda ya fi dacewa da abin da ya tsaya a sama, kuma dole sai da allurar barci. Akwai kuma mai lanƙwasa, kaurinta kamar ɗan yatsa, da kyamara a bakinta, wadda ke kaiwa har tumbi da farkon hanji. Ita ake kira endoskofi. Yara kusan kullum barci ake sa su, a sa musu robar numfashi don kada abin ya suɓuce a hanya ya faɗa huhu. Ta cikin na'urar ake zura kayan kamu: hantsaki mai haƙora don kwandala, zarge don dogon abu, 'yar raga kamar koma don batir da abu mai santsi. Kwandalar da ke can sama wani lokaci doguwar hantsaki mai lanƙwasa kawai ta isa, kafin uwa ta gama sa hannu a takarda ta zauna an fito.

Abu mai tsini yana da ƙa'idarsa tun zamanin Chevalier Jackson, likitan Amurka da ya rasu a 1958, wanda ya tara abubuwa fiye da 2,000 da ya ciro daga mutane, suna nan ajiye a wani gidan tarihi a Filadelfiya. Ya koyar cewa tsinin da ke gaba shi ke huda, wanda ake ja a baya ba ya huda. Don haka in fil mai kulle ya buɗe a ciki bakinsa na kallon sama, akan tura shi tumbi inda akwai fili, a juya shi, a kamo shi ta gindi, ko a janyo shi cikin wata roba da ke kare bango. Nama kuwa ko dai a gutsuttsura shi a fito da shi, ko a tura shi tumbi a hankali. Tiyatar tsaga ciki sai in an sami huda, ko hanji ya toshe, ko abu mai tsini ya wuce inda na'ura ke kaiwa ya tsaya wuri ɗaya kwana 3. Masu haɗiye ƙullin ƙwaya don safara kuwa ba a kama nasu da hantsaki, don in ƙulli ɗaya ya fashe zai iya kashe mutum nan take.

In an ce ku koma gida ku jira

Wannan shi ne abin da aka fi faɗa wa iyaye: abu ne mai santsi, ƙarami, ya isa tumbi, yaro kuma lafiyarsa ƙalau. A ci gaba da ba shi abincinsa na kullum. Ya riƙa yin kashi a fo, ba a masai ba. A sa leda a hannu, a zuba ruwa a dama da tsinke, ko a tace a tsohuwar rariya da ba za a sake amfani da ita ba. Ba aiki ne mai daɗi ba, amma ganin abin da ido shi ke rufe magana, ya kuma hutar da yaro daga ƙarin hoto. Yawanci cikin kwana 4 zuwa 6 yake fita, wani kuma yakan kai mako 4. In mako 2 ya cika ba a gani ba, a koma a sake hoto. Sau da yawa mukan tarar ya fita ba a lura ba. In ya kai wata yana tumbi, ciro shi ake yi. Ciwon ciki, amai, zazzaɓi ko jini a kashi kuwa, ba a jiran ranar da aka rubuta a kati.

Bayan an cire abu lafiya, ɗan ciwon maƙogwaro na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne, akan fara da ruwa da kunu kafin abinci mai tauri. Babban da nama ya tsaya masa kada ya ɗauka an gama. Lafiyayyar hanyar abinci ba ta cika riƙe loma haka kawai ba. Galibi akwai tsukewa a ƙasa, ko ta tsohon ƙwannafi, ko kumburi, wani lokaci ma ciwon daji ne ke fara sallama ta haka. In likita ya ce zai ɗebi ɗan nama a auna ko a dawo a sake leƙawa, Baba, a daure a dawo. Wanda kuma yake maimaita haɗiyar ƙusa ko cokali da gangan, ko tsohon da ruɗewa ta kama, yana bukatar likitan ƙwaƙwalwa da mai sa masa ido, ba faɗa ba.

Yaron da aka ciro wa batir daga hanyar abinci shi ne ba a saki jiki da shi, domin ƙunar tana ci gaba da cin nama bayan batir ya fita. Jini na iya ɓallewa bayan kwanaki, har bayan makonni. In ya tofar ko ya yi aman jini, ko da bai fi cikin cokali ba, a dawo da shi a daren, don ƙaramin jinin nan yakan riga babban zuwa. In ya fara tari duk lokacin da ya sha ruwa, ko muryarsa ta dishe, ko bayan wata ɗaya ya koma ƙin tuwo sai koko, duk a dawo. Kafin ku bar asibiti ku nemi a rubuta muku a kati girman batir ɗin, awa nawa ya yi a ciki, da daidai inda ya tsaya, saboda in dare ya kama ku a wani asibitin, wanda zai karɓe ku ya san abin da yake fuskanta.